Ina ake tsintar sabuwar waƙa: Spotify, Apple Music, YouTube, Audiomack, SoundCloud ko Bandcamp?

Tun watan Yulin 2015 masana'antar waƙa ta duniya ta tsayar da Juma'a ranar sakin sabbin ayyuka, shi ya sa duk safiyar Juma'a manhajojin sauraro suke cika da sabbin fuskoki. Sauran ranakun ma ba hutawa ake yi ba. A 'yan shekarun nan ana ɗora waƙoƙi kimanin 100,000 kowace rana, ta yadda ko mutum ya bar aiki ya bar barci, ba zai iya jin kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ya fito yau ba. Saboda haka mai zaɓen manhaja, ko ya sani ko bai sani ba, wanda zai riƙa tace masa yake zaɓa.

Idan waƙoƙin manyan taurari kaɗai kake nema, kada ka wahalar da kanka. Spotify da Apple Music kowacce ta haura waƙoƙi miliyan 100, kuma kusan duk wani mawaƙi da ya yi suna za ka same shi nan da can a rana ɗaya. Bambancin yana fitowa ne idan aka zo kan mawaƙa masu cin gashin kansu, waɗanda babu kamfani a bayansu, da kuma lokacin da ka ji waƙa ta shiga ranka kana so abokinka ma ya ji.

Ƙofar shiga

Abin da tallan kamfanonin ba ya ambata shi ne yadda waƙa take shiga manhaja tun farko. A Spotify da Apple Music da Deezer, mawaƙi ba ya ɗora waƙa da hannunsa. Ko dai kamfanin da ya ɗauke shi ya kai ta, irin manyan nan uku, Universal da Sony da Warner, ko ya bi ta hannun dillalai kamar DistroKid da TuneCore da CD Baby, ya biya su ko su yanki kasonsu, su rarraba masa ita. Kafin nan sai ya tanadi hoton bango, ya cike sunan marubuci da na furodusa, ya tabbatar babu kiɗan wani a ciki da bai nemi izini ba, sannan ya jira kwanaki. Spotify ta taɓa gwada barin mawaƙa su ɗora da kansu a 2018, ta rufe tsarin a 2019.

A SoundCloud da Audiomack da YouTube da Bandcamp kuwa, yaron da ya gama haɗa waƙa a ɗakinsa ƙarfe biyun dare zai iya buɗe shafi ya ɗora ta kafin gari ya waye. A nan ne ake jin waƙar gwaji wadda ba a gama gyara sautinta ba, da wadda aka sake wa kiɗa, da haɗin DJ na awa guda, da baitocin da mawaƙi ya rero a tsaye ba tare da ya rubuta ba. A nan kuma ake cin karo da shirme mai yawa, da waƙoƙin mutane da wasu suka sato suka ɗora da sunansu.

Spotify, wadda Daniel Ek da Martin Lorentzon suka kafa a Suwidin a 2006 ta kuma fara aiki a 2008, ita ce ta fi kowa iya karantar kunnen mai sauraro. A 2014 ta sayi The Echo Nest, kamfanin da ya ƙware wajen sa kwamfuta ta auna waƙa, saurin kiɗanta da ƙarfinsa, da ko ta rawa ce ko ta zaman shiru. A 2015 ta fito da Discover Weekly, waƙoƙi 30 da ake sabunta maka kowace Litinin. A 2016 Release Radar ta biyo baya, tana tattaro maka sabbin waƙoƙin mawaƙan da kake bi duk Juma'a.

Babu wani siddabaru a ciki. Na'urar tana duba jerin waƙoƙin da miliyoyin mutane suka haɗa wa kansu. Idan ta ga masu son waƙoƙi ukun da kake yawan maimaitawa sun saba ajiye wata ta huɗu a gefensu, kai kuma ba ka taɓa jin ta ba, sai ta miƙo maka. Tana lura da wadda ka tsallake tun ba ta yi nisa ba, da wadda ka adana, da wadda ka koma ka sake kunnawa. Watannin farko abin yana burge mutum ƙwarai, har ya fara tunanin ko ana leƙa zuciyarsa ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne, wannan lissafi yana buƙatar sawu. Mawaƙin da mutum arba'in kaɗai suka taɓa ji bai bar sawun da na'ura za ta bi ba, don haka da wuya ya iso gare ka ta wannan hanya. Waɗanda ake kira sabbi a jerinka galibi sun riga sun tara jama'a, kai ne dai ba ka san su ba. Sannan da tafiya ta yi nisa sai manhajar ta koma kamar telan da ya riƙe awonka tun shekarun baya: ɗinkin yana zama daidai jikinka, amma kullum yanka ɗaya ne. Ga saurin ruɗewa. Ka ba yaro wayarka ya yi yamma guda yana jin waƙoƙin yara, ko ka kwana kana kunna ƙarar ruwan sama don barci, ranar Litinin za ka ga sakamakon a jerinka. Akwai maganin wannan, domin manhajar tana da zaɓin sauraro a ɓoye da na cire wani jeri daga lissafin abin da kake so, sai dai mutane kaɗan ne suke tunawa da su.

Akwai abubuwa biyu kuma da ya dace mai son ƙananan mawaƙa ya sani. Tun 2020 Spotify ta ɓullo da tsarin Discovery Mode, inda mawaƙi ko kamfaninsa yake yarda a rage masa kason kuɗi a kan wata waƙa, ita kuma na'urar ta ƙara tura ta a cikin waƙoƙin da suke biyo baya da kansu. Babu alama a jikin waƙar da za ta nuna maka haka. Na biyu, daga 2024 waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba, ba ta samun kaso daga kuɗin sauraron da ake rabawa. Wato wanda ya fi kowa buƙatar taimakonka shi ne wanda sauraronka ba lalle ya kai masa ko sisi ba. Duk da haka, mai tono zai amfana: ka riƙa shiga jerin da mutane irinka suka haɗa maimakon na kamfanin, ka sauka ƙasan shafin mawaƙi ka duba waɗanda masoyansa suke ji, ka bi su ɗaya bayan ɗaya har ka kai ga masu ƙaramin adadi.

Apple Music ta zo a watan Yunin 2015 da wani ra'ayi daban, ta jingina da mutane. Ta buɗe gidan rediyon Beats 1, wanda ya koma Apple Music 1 a 2020, ta ɗauko masu gabatarwa irin Zane Lowe daga BBC, ta zuba editoci masu haɗa jeri da hannu. Idan kai mai zama ne ka ji albam daga farko har ƙarshe, ka ji hirar mawaƙin a kan yadda aka yi shi, nan ne gidanka, kuma tun 2021 ta ƙara sauti mai cikakken inganci ba tare da ƙarin caji ba. Tana aiki a wayoyin Android ma, abin da wasu ba su sani ba. Rauninta biyu ne. Ba ta da ɓangaren kyauta sai ɗan lokacin gwaji, kuma edita, komai kyan kunnensa, abin da kamfanoni da dillalai suka kawo teburinsa yake zaɓa daga ciki. A ganina ta fi kowa kyau wajen bin manyan mawaƙa, amma wajen tono wanda ba a sani ba tana bayan sauran.

Kamfanin Apple ne kuma ya sayi Shazam a 2018, manhajar da take gane waƙa daga 'yan daƙiƙoƙi. Ta fara a Birtaniya a 2002, lokacin da sai mutum ya buga lamba 2580 ya kara wayarsa kusa da sifika, a turo masa sunan waƙar ta saƙon tes. Kowace manhaja ka zaɓa, ka ajiye Shazam a waya, don yawancin waƙoƙin da suke kama mutum a mota ko a wurin biki ko a bayan wani bidiyo yake fara jin su.

Deezer ta Faransa da Tidal ba za su canza maka lissafi sosai ba. Tidal tana da kyau wajen nuna sunayen waɗanda suka yi aikin waƙa, kuma bin sawun furodusa ɗaya hanya ce mai kyau ta samun sabbin muryoyi. Deezer kuwa tun 2025 take liƙa alama a kan waƙoƙin da ta gano ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa su, ta kuma cire su daga abin da take ba mutane shawara. Yadda irin waɗannan waƙoƙi suke ƙaruwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

YouTube babu mai faɗinta. Tsohuwar waƙar da ba a taɓa sake bugawa ba, wasan da wani ya ɗauka da waya a dandali, sabon bidiyon babban tauraro, duk suna wuri ɗaya. Abin da ya fi amfani ga mai neman sabo shi ne tashoshin da mutane masu kunne suke gudanarwa. Tiny Desk na gidan rediyon NPR a Amurka, wanda ya fara a 2008, yana sa mawaƙi ya tsaya a bayan teburin ofis tsakanin kantocin littattafai ya rera da ɗan kayan kiɗa, babu hayaƙi babu fitilu, nan take ake gane mai murya da wanda sitidiyo ke rufa wa asiri. COLORS ta Jamus, tun 2016, bango ne mai launi ɗaya da makirufo yana reto daga sama, shi ke nan. Akwai tashar gidan rediyon KEXP na Amurka, akwai Boiler Room ga masu son DJ. Waɗannan tashoshi suna haɗa tauraro da ɗan koyo a layi ɗaya, kuma idan ka yarda da kunnensu sun rage maka rabin aiki. Matsalar YouTube sananniya ce. Bidiyo yana shan data, a tsarin kyauta waƙa takan tsaya idan ka kashe fuskar waya, kuma na'urarta burinta ka daɗe kana kallo, ko waƙa ko ba waƙa ba. Ka shiga neman sabon mawaƙi, bayan awa guda ka tsinci kanka kana kallon yadda ake gyaran injin jirgi.

TikTok ma ana tsintar waƙa a can, ba musu. Sai dai daƙiƙa goma sha biyar ɗin da suka fi daɗi ake ba ka, sau da yawa an ƙara musu sauri, kuma ba kowace waƙa ce take iya riƙe minti uku ba idan ka je ka nemo cikakkiyarta.

SoundCloud da Audiomack

Waɗannan biyun su ne ainihin wurin farauta, kuma ana yawan ɗaukar su abu ɗaya alhali halinsu ya sha bamban.

SoundCloud, wadda Alexander Ljung da Eric Wahlforss suka kafa a 2007 ta zauna a Berlin, an gina ta ne don masu yin kiɗa su riƙa tura wa juna aiki. Har yau ana ganin haka a fuskarta. Waƙa tana bayyana a matsayin zanen igiyar sauti, tudu da kwari, kuma mai sauraro yana iya ajiye sharhinsa a daidai daƙiƙar da abin ya taɓa shi. Kana kallon zanen za ka ga ƙananan hotunan mutane sun taru cunkus a wajen minti ɗaya da 'yan kai, ka san akwai abin da yake zuwa a wurin tun kafin kunnenka ya kai. Hanyar tono a nan ita ce bin mutane: ka sami furodusa ɗaya da kake so, ka duba abin da ya so da abin da ya sake yaɗawa, daga nan ka faɗa wa wasu biyar. Mawaƙiyar Amurka Billie Eilish a nan ta fara ɗora waƙa a 2015 kafin duniya ta san ta. Tun 2021 kuma SoundCloud tana da tsarin da kuɗin mai sauraro yake tafiya ga mawaƙan da shi kansa ya ji, ga mawaƙan da suka shiga tsarin, saɓanin yadda aka saba, inda ake zuba kuɗin kowa wuri ɗaya a raba gwargwadon yawan sauraro, manya su kwashe mafi tsoka. Ta fi ƙarfi a kiɗan lantarki da rap da haɗin DJ. Wajen manyan taurari kuwa, wasu waƙoƙinsu gutsure kawai mai tsarin kyauta yake samu.

Audiomack ta fara a Amurka a 2012, daga duniyar hip hop da kaset-kaset ɗin da mawaƙa suke rabawa kyauta don su yi suna. Mawaƙi yana ɗora iya abin da yake so ba tare da biya ba, mai sauraro kuma yana iya sauke waƙoƙi da yawa cikin manhajar ya ji ba intanet, a tsarin kyauta. Wannan kaɗai ya isa ya sa ta zama zaɓin duk wanda yake lissafin data, domin a Spotify da YouTube sai mai biyan kuɗin wata yake samun cikakken wannan gata. Ta fi ƙarfi a rap da Afrobeats da reggae da dancehall, kuma shafinta na waƙoƙi masu tashe yana sa sabon yaro kafaɗa da kafaɗa da wanda ya cika filin wasa. A ƙarshen 2021 ta ƙara tsarin da masoyi zai sayi lambar goyon baya a kan waƙa, sunansa ya fito a shafinta. Talla tana da yawa, kuma idan kiɗanka na gargajiyar Turai ne ko jazz, ba nan za ka nufa ba.

Idan za a raba musu hukunci, mai son kiɗan da ba a saba ji ba, mai haƙurin tono, ya tafi SoundCloud. Mai son ya san wa yake tasowa a waƙoƙin zamani, ya kuma ji su a hanya ba tare da data ba, ya ɗauki Audiomack.

Bandcamp ita kuma shago ce, ba rediyo ba, kuma sai an shige ta da wannan fahimta. Mawaƙi yana sa wa aikinsa kuɗi da kansa, ko ya ce kowa ya biya abin da ya ga dama. Kamfanin yana ɗaukar kashi 15 cikin 100 a kan waƙoƙin da aka sauke da kashi 10 a kan kaya irin faifai da riguna, sauran na mawaƙi ne bayan an cire na masu sarrafa biyan kuɗi. Tun watan Maris na 2020, lokacin da korona ta hana wasanni, take ware wasu ranakun Juma'a ta yafe nata kason gaba ɗaya. Abin da ka saya naka ne, ka sauke shi a MP3 ko FLAC mai cikakken ingancin sauti ka ajiye, ba ya ɓacewa don wata yarjejeniya ta ƙare. Ƙarƙashin hoton kowane albam akwai ƙananan hotunan waɗanda suka saya, wasu da ɗan rubutun dalilin da ya sa suke son sa da waƙar da ta fi burge su. Ka danna hoton mutum ɗaya sai ga duk abin da ya taɓa saya. Ban san wata hanyar tono da ta kai wannan ba, saboda abin da mutum ya cire kuɗi ya saya ya fi abin da ya danna wa alamar so faɗin gaskiya. Ga kuma Bandcamp Daily, inda marubuta suke bin salon kiɗan ƙasashe da garuruwa daban-daban tun 2016.

Amma kada a ɓoye aibinta. Yawancin manyan taurari ba sa nan. Mawaƙi yana iya taƙaita sau nawa za ka ji waƙa kyauta kafin a ce ka saya. Biyan kuɗi yana buƙatar kati ko asusun da ba kowace ƙasa yake aiki lafiya ba. Kuma kamfanin ya canza hannu sau biyu a jere, Epic Games ya saye shi a 2022, ya sayar wa Songtradr a 2023, aka sallami kusan rabin ma'aikata, abin da ya sa masu son sa suke kallon gaba da ɗar-ɗar.

Idan ka tura, za ta buɗu?

Nan ne mutane da yawa suke tafka kuskure wajen zaɓi, domin kansu kaɗai suke dubawa. Ka tura wa aboki linkin Apple Music alhali ba ya biya, gutsure zai ji, sai a nemi ya yi rajista, shi kuma ya rufe ya ce maka "ta yi daɗi" don kada ka ji haushi. Linkin Spotify ya fi sauƙi tunda akwai tsarin kyauta, amma shi ma yakan nemi mutum ya sauke manhaja ko ya buɗe asusu. Na SoundCloud da Audiomack da Bandcamp galibi suna buɗewa kai tsaye a burauza. Na YouTube kuwa kusan babu wayar da ba ya buɗewa a cikinta, don haka wajen turawa ita ce ta ɗaya. Idan abokanka sun warwatsu a manhajoji daban-daban, shafin Songlink yana karɓar linki ɗaya ya ba ka wani da yake nuna waƙar a duk inda take.

Ga ƙungiyar abokai da duk suke wuri ɗaya, Spotify ta yi gaba. Akwai jerin da kowa yake iya zuba waƙa a ciki, akwai Blend, tun 2021, da yake gauraya abin da kuke ji ya nuna wa ya kawo wace. Sai dai a lura, jeri mai waƙa tamanin ba a cika buɗe shi ba. Waƙa ɗaya da ɗan bayani, "ji abin da mai ganga ya yi bayan amshi na biyu", ta fi saurin shiga kunne. Kuma linki ya fi fayil amfani ga mawaƙin: fayil ɗin da aka yi ta turawa daga waya zuwa waya ba ya shiga lissafin kowa, shi kuwa sauraro a Spotify da zarar ya wuce daƙiƙa 30 an ƙirga shi, kuma shi ne sawun da na'ura take bi ta kai waƙar ga wasu.

To, wacce za a ɗauka? Ni shawarata biyu ce a tare, ɗaya daga masu ƙofa a tsare, ɗaya daga masu ƙofa a buɗe. Wanda zai iya biyan wata-wata kuma yana son a riƙa kawo masa ba tare da wahala ba, Spotify, ya haɗa da SoundCloud ko Audiomack gwargwadon salon da yake ji. Wanda albam da ingancin sauti suka dama, Apple Music, ya riƙa leƙa Bandcamp. Wanda ba zai biya komai ba, Audiomack don sauraron yau da kullum, YouTube don tashoshin nan da kuma turawa. Wanda kuma burinsa kuɗinsa ya isa hannun ƙaramin mawaƙi, sayen albam ɗaya a Bandcamp ya fi masa sauraron watanni a ko'ina.

Sauya sheƙa daga baya ba shi da wuya kamar yadda ake tsoro. Shafuka irin Soundiiz da TuneMyMusic suna kwashe jerin waƙoƙinka daga wannan manhaja zuwa waccan, ko da yake waƙoƙin da suke SoundCloud ko Audiomack kaɗai ba za su sami takwara a ɗaya gefen ba. Abin da ba ya tafiya da kai shi ne tarihin sauraronka, sabuwar manhajar daga farko za ta fara koyon kunnenka, kuma makonnin farko shawarwarinta za su zama na kowa da kowa. Mai son riƙe wannan tarihi a hannunsa ya buɗe asusu a Last.fm, wadda tun 2002 take rubuta duk waƙar da mutum ya ji, ya haɗa ta da manhajojin da yake amfani da su tun yanzu.